Taubashina Mai Shaidar 'Yan Ƙwallo

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Taubashina ya riga ni, kamar yadda ya saba, don tun muna yara ba ya barin in shiga gabansa ko a hanyar masallaci. Shi ɗan kawuna ne, ni ɗan gwaggonsa, kuma tun da na buɗe ido "bawan gidanmu" yake ce mani.

Da munka dawo daga maƙabarta na sami bakin tabarma a ƙofar gidansa na zauna ina kallon masu gaisuwa. Ni ba malami ba ne. Bokona bai wuce na yaƙi da jahilci ba, shi ma malamin ya riga ni gajiya. Amma zama da marigayi ya koya mani karatu guda: in dubi fuskar mutum in tambayi kaina abin da ya kawo shi.

Kociyoyin da ya kora daga ƙungiyar ƙwallon ƙauyenmu, wadda shi ne ubanta, sun jeru a tabarma ɗaya kamar an gayyato su biki. Ɗaya ya rufe fuska da hula yana sheshsheƙa, na leƙa ta ƙasa in ga ko akwai hawaye. Akwai kaɗan. Na kusa da shi ya ce, "Ya kore ni, amma ya yi gaskiya." Na gefe ya ce, "Ni dai bai yi gaskiya ba, amma Allah shi jiƙan shi." Liman ya ce marigayi mutum ne da ba ya karɓar magana sai ya bincika. Wani daga baya ya ce, "Har taka, Malam." Anka yi dariya ƙasa-ƙasa, anka bi ta da istigfari.

Can da la'asar sai ga wani dogon tsoho an sauke shi daga babur. Shi ne dattijon ƙauyen da muke karawa da su, can ƙasar Shagari bayan Mandera. Mu "tsohonsu" muke ce masa, su kuma "tsohonku" suke ce wa marigayi. Ya zauna, anka ba shi goro ya riƙe a hannunsa. Sannan ya ce, "To yanzu wa za ya ƙara ƙaryata ni gaban jama'a?" Hawaye ya zubo masa cikin gemu. Na yarda da rabin kukan, na ajiye rabin sai na bincika.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne surukina, mijin ɗiyata, wanda shi ne manajan ƙungiyarmu. Wannan kukan ne ban yarda da ko ɗigo ba, don marigayi ya hana shi sakat tun ranar da anka ba shi muƙamin.

Bari in yi wa wanda ba ɗan nan ba bayani. Kowace shekara, in an kwashe gero kafin aikin albasa ya kankama, ana gasar kofi tsakanin ƙauyukan Boɗinga da na Shagari. Doka mai ƙarfi guda ce: ɗan gari kaɗai ke bugawa, ban da ɗan haya. Takarda kuwa an daina yarda da ita tun da munka ga mai gemu riƙe da ta ɗan firamare. Sai anka koma ga shaida. Kafin a busa usur 'yan wasa su yi layi, kowane ɓangare ya fito da dattijo guda. Nasu ya bi layinmu yana nuna yaro yana cewa, "Wanga ɗan wa na?" Namu ya faɗi uban, da kakan, da inda gonarsu take. Sannan namu ya bi layinsu da irin tambayar. In dattijo ya yi inda-inda, yaro ya tuɓe rigar wasa ya koma cikin 'yan kallo. Marigayi ne mai shaidarmu tun ana buga ƙwallo ba takalmi, kuma ajali ya same shi bana mun kai wasan ƙarshe, da mutanen dogon tsohon nan.

Bayan sadakar uku surukina ya same ni a zaure. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa har ƙasa, ya ajiye goro fari manya-manya. Tun da ya auri ɗiyata ban taɓa ganin gwiwarsa ta taɓa ƙasa duka biyu ba.

"Baba, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya."

"Baba, maganar shaida ce. Mun zauna mun duba, ba wanda ya dace da wurin marigayi sai kai."

Na ce, "Ku da wa kunka zauna?"

Ya wuce wannan kamar bai ji ba. Ya ce akwai wani yaro daga birni, mai buga lamba tara, in ya ɗirka ƙwallo gola sai ya yi salati. Na ce ɗan wa ne? Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

"Ai nan ne, Baba. Ƙanenka da yat tahi Kudu har Allah ya yi mishi rasuwa can, wa ya san ɗiyan da yab bari? In kac ce ɗanshi na, wa za ya musa maka?"

"To autan marigayi fa? Ba shi ke lamba tara ba?"

"Shina cikin makoki, Baba. Ya huta a benci."

Abin da bai faɗa ba, amma duk gari ya sani, shi ne wani mutum zai zo daga wata babbar ƙungiya ta birni ya kalli wasan ƙarshe don ya ɗebi yara. Autan marigayi kuwa ba yaro ba ne yanzu, an riga an kai gaisuwar aurensa. In bai buga wannan wasa an gan shi ba, shi da ƙwallo sai dai ta rediyo a bakin fadama. In kuma na ƙi, na kunyata surukina, kuma ɗiyata ce za ta ci tuwo da fushinsa.

Na ce, "Allah shi kai mu." Ya ɗauka na yarda. Washegari ɗiyata ta aiko mani da fura mai kauri, nono har ya yi mata yawa. Na sha, amma ina sha ina zarginta.

Na san dalilin da ya sa sunka zaɓe ni. Sun san ni da wasa, sun san bakina ya fi hankalina sauri, kuma sun san tsohuwar rigimarmu da marigayi a kan ɗana. Zan zo gare ta. Bari in fara gaya maku irin mutumin da ake son in gada.

Yana da rediyo ƙarama da ya ɗaure da robar taya, da ita yake mulkin manyan ƙungiyoyin ƙasar nan daga gindin darbejiya. In anka ce an naɗa wa wata ƙungiya sabon manaja, ba ya tambayar abin da ya iya, sai ya ce, "Ɗan'uwan wa na?" In anka kori koci bayan an sha kashi, sai ya girgiza kai ya ce, "Wanda yas sawo guragun shina nan zaune cikin ofis, an kori wanda anka ce ya koya masu gudu." In anka sawo sabon ɗan wasa ana ta kuranta shi, ya ce a jira ruwa ya sauka fili ya jiƙe. In ƙungiya ta ci, a bincika rafali. In an ci ta, a bincika gola. In an tashi kunnen doki, a bincika kowa. Na taɓa ce masa, "Kai tsohon banza, akwai wanda kay yarda da shi a duniyar ga?" Ya ce, "Akwai. Ya rasu."

Yadda yake ɗaukar koci a tamu ƙungiyar kuwa, duk wanda ya ci wannan tuwo bai manta ba. Ba ya tambayar mutum takardar horo, ba ya cewa a zana masa dabara a ƙasa. Sai ya sa matarsa ta yi tuwon dawa a babban akushi, nama tsoka ɗaya tak a tsakiya, ya zaunar da mai neman aikin tare da 'yan wasa, shi kuma ya koma gefe yana sakace haƙori kamar ba ruwansa. Wanda ya cinye naman, ya ce wannan zai sayar da rigunan wasa. Wanda ya tura wa mai cin ƙwallo, ya ce wannan zai yi 'yan lele ya raba yara. Wanda ya yayyanka ya raba wa kowa, ya ce wannan ɗan siyasa ne, kujerar manaja yake so. Wanda ya bar naman a akushi bai taɓa ba, ya ce munafuki ne, wani ya tsegunta masa.

Na ce, "To wa ke cin jarrabawar?"

Ya ce, "Bawan gidanmu, ba a cin ta. Ni dai in san inda zan sa ido."

'Yan wasa ma ba a ranar gwaji yake zaɓensu ba. Ranar gwaji, in ji shi, kowa mala'ika ne. Ranar lodin albasa yake zuwa, ya tsaya bayan mota yana kallon samari. In buhu ya suɓuce ya fashe, akwai mai duƙawa ya fara tsincewa, akwai mai juyawa ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. Na farkon yake ba riga, ko da ƙafarsa ta hagu ba ta san ta dama ba. In anka zura mana ƙwallo, mutane na zagin gola, shi yana kallon wanda zai shiga raga ya ɗauko ta ya ruga tsakiya.

A haka ya cire ɗana. Ni kuwa ɗana, ba don nawa ne ba, in ya ɗauki ƙwallo sai ya zubar da mutum uku a ƙasa. Laifinsa, in ji marigayi, in ya yanke mutum ba ya duban raga, wajen 'yan mata masu tallar gyaɗa yake dubawa.

Ya ce, "Ɗanka ba ƙwallo shika bugawa ba, aure shika nema."

Na ce, "Naka ɗan fa, mai ƙafa kamar taɓarya?"

Daga ranar munka daina zagin juna. Wanda bai san taubasai ba zai ce ai an shirya ke nan. A'a, yaƙi ne. In munka haɗu sai in ce, "Ina kwana, Alhaji," ya ce, "Lafiya lau, Malam," mu sha hannu da ladabi. Duk gari ya shiga damuwa. Matanmu sunka yi ta kai da kawowa, liman ya yi nasiha, ba abin da ya motsa. Har damina ta shiga ta fita. Sai ranar wani suna, ina miƙa hannu zan ɗauki cinyar kaza, na ji muryarsa daga bayana: "Ku dubi bawan banza, ya riga iyayen gidansa sa hannu." Wallahi sai da na yi kamar yaji ya shigar mani ido. Ɗana dai bai koma ƙungiya ba. Yanzu keke yake ja a Boɗinga, kuma matarsa ɗaya ce daga cikin masu gyaɗar. Ban taɓa ce wa marigayi ya yi gaskiya ba, kuma ba yau zan fara ba.

Kada a ce nasa ya fifita. Ba yaron da ya sha wuya a hannunsa kamar autansa. In ya ci ƙwallo, uban ya ce golan ne ya kwanta masa, a bincika. In ya ɓarar, ya ji sunan kakanninsa daga bakin fili. Ya zaunar da shi a benci fiye da kowa don kada a yi magana. Sai da na shiga yi wa matarsa gaisuwa, tana cikin takaba, na ji ɗaya gefen. Na ce, "Amarya, ga ni na zo in gaje ki, ki shirya." Ta ce, "Kai da ko haƙori ba ka da shi?" Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Sannan ta ce duk ranar da autan ya ci ƙwallo, marigayi na shigowa gida zai tattare riga ya gwada mata yadda abin ya faru a tsakar gida, ƙwarya ce ƙwallo, ƙofar madafa ce raga. Ƙorai nawa ya fasa mata. In ya gama ya ce, "In kin gaya mishi ban yafe ba."

Akwai kuma kocin nan mai hula a fuska. Marigayi ya sami labarin ana yawan ganinsa a ƙauyen abokan karawarmu, a kuma makon da sunka lallasa mu. Bai tsaya jin ta bakinsa ba, ya ce ya sayar da wasa, ya sa anka kore shi. Daga baya ta fito cewa yarinya yake nema can, kuma ba shi da kowa da zai shige masa gaba, don maraya ne. Marigayi bai ba shi haƙuri ba. Babbar rigarsa ya sa, ya hau babur, ya tafi ya nema masa auren a matsayin uba, ya tsaya har anka ɗaura. Na ce, "To sai a mai da mishi aikinsa." Ya ce, "Mai surukai a can? Da zargi nike, yanzu na tabbata."

Wannan ne mutumin da anka ce in tsaya a wurinsa in ƙirƙiro wa ƙanena ɗa.

Ranar wasan fili ya cika, har kan itatuwa mutane ne. Mutumin birni yana zaune a kujerar roba da tabarau. Yaranmu sunka yi layi, ɗan hayan yana ƙarshe, cinyoyinsa kamar turmi, fatarsa sumul, ka san bai taɓa kwana a fadama sauro ya ci shi ba. Autan marigayi yana benci da rigarsa ta gida, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Ni kuwa na haddace ƙaryata tsaf. Na shirya sunan unguwar da ƙanena ya zauna a Kudu, na shirya har ciwon da ya kashe uwar yaron. Ina jiran tsohonsu ya matsa mani, ya tsare ni da ido, in nuna masa ni ma na iya taurin kai. Mai zarginka ba wuyar yi wa ƙarya, kokawa ce, wanda ya faɗi ya faɗi.

Tsohon ya taho yana dogara sanda. Ya tsaya a kan yaro na farko, ya ɗaga yatsa, sai ya sauke. Ya juyo ya kama hannuna da hannu biyu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a, tun muna da baƙin gashi nike tambayar mutanen ga, kuma wanda ke tsayawa nan bai taɓa yi mani ƙarya ba ko sau guda. Yau ɗan'uwansa na tsaye a wurinsa, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ba ni tambaya. Abin da kac ce, shi ke nan."

Na dubi surukina, fuskarsa ta washe kamar an ba shi kujerar Makka. An buɗe mani ƙofa har bango, ba mai tsare ni. Ni kuma sai na kasa shiga. Ƙaryar da na kwana ina gyarawa don in kayar da tsoho, yanzu da sunan mamaci za a karɓe ta.

Na taka har ƙarshen layi, na dafa kafaɗar ɗan hayan, na ce da ƙarfi, "Af, wa ya sa baƙonmu a layi? Wanga daga birni ya zo mana gaisuwar rasuwa. Ku ba shi wuri a inuwa, ku kawo mishi ruwa." Na juya wajen benci na ce, "Kai, mai ƙafar taɓarya, mi kake jira?"

Sai anka ce saura ni, in bi layinsu. To ku gaya mani, mutum ya yi maka wannan kara gaban duniya, da wane baki za ka nuna yaronsa ka ce ɗan wa ne? Na ce, "Ni ma ba ni tambaya." Anka yi tafi, liman ya ce haka ake son Musulmi.

Sun ci mu biyu da ɗaya. Autan ne ya ci tamu, da ka, ba da taɓaryar ba. Mutumin birni ya kira shi gefe ya ce zai neme shi, har yau dai muna sauraro. Da anka tashi autan ya zo ya zauna kusa da ni yana haki, ya ce, "Baba, duk sanda nib ɓarar sai in duba bakin fili, in ji shiru." Na ce masa golan ne ya kwanta masa. Ya yi dariya, ya goge ido da riga.

Surukina yanzu daga tsaye yake gaishe ni, fura kuma ta koma tsararo. Wannan bai hana ni barci ba. Abin da ke hana ni shi ne yaronsu da ya zura mana duka biyun. Na san ƙauyen nan gida-gida, na ci kasuwarsu tun ina saurayi, ban taɓa ganin mai irin wannan fuska ba. Kuma da ya ci ta biyun na ji ya yi ihu, Hausarsa ba ta ƙasar nan ba ce. Da tsohonsu zai hau babur ya sake kama hannuna, ya ce Allah ya jiƙan marigayi, ya bar magaji nagari. Na duba idonsa sosai. Ko dai mutumin kirki ne da ya girmama abokinsa, ko kuwa ya jira shekara da shekaru Allah ya kawo masa wawa. Na kasa rabewa, kuma wanda zai rabe mani yana kwance gabas da gari.

Allah ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa, ya sa masu tambayar kabari sun same shi da amsa a baki. Ya ba matarsa da ɗiyansa haƙuri, mu kuma ya kyautata namu ƙarshe. Baɗi, in da rai, ko tsohon nan ya zo da kuka har ƙasa, sai na bi layinsa ɗaya bayan ɗaya, in fara da shi kansa in ji ɗan wa ne.